Haƙurin Talaka Ba Lasisi Ba Ne

Ɗana,

Da ka zo shekaranjiya da hoton allon da za ka kafa a ƙofar sabon asibitinka, ka ce, "Baffa, a sa mana albarka," na sa, kuma har yanzu ina sawa. Allah ya sa hannunka ya zama sanadin waraka, ya tsare ka daga sharrin kuɗi da sharrin yabo. Sai dai akwai maganar da na kasa fitarwa a gaban mahaifinka da baƙin da ke zaure, domin ta shafi wani laifi nawa wanda ko shi ƙanen nawa bai taɓa ji daga bakina ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san shekara 35 na yi ina aikin jinya kafin in ajiye. Kai ne likita, ni malamin asibiti ne, ko da yake tun ranar da na fara sa fararen kaya mutanen ƙauye ba su taɓa kirana da wani suna ba sai Likita. A shekarata ta uku da kama aiki aka tura ni wani ƙaramin asibitin karkara, ni kaɗai da mai shara da mai riƙon makullin ɗakin ajiya. Wata ranar kasuwa, da hantsi, wani dattijo ya kawo ɗansa, magidanci ne da bai wuce shekara talatin ba, fartanya ta sare shi a ƙafa, wurin ya kumbura ya fara ruwa. Da ƙafarsa ya shigo, yana ɗingishi yana wasa da mai shara. Na wanke ciwon na ɗaure, na zuƙo allurar fenisilin. Ƙa'idar da aka koya mana a makaranta, wadda kuma ke manne a bangon ɗakin, ta ce abu biyu: ka tambayi mutum ko wannan allura ta taɓa yi masa illa, kuma kada ka soka ta sai adirenalin na kusa da hannunka. Ban tambaya ba, domin layi ya yi tsawo kuma na riga na yi wa ɗaruruwa ba abin da ya faru. Adirenalin kuwa tana ɗakin ajiya, mai makulli ya tafi cin kasuwa.

Ban gama wanke hannu ba na ji yana cewa ƙirjinsa ya toshe. Leɓunansa suka kumbura, numfashi ya koma shaƙa. Na aika mai shara da gudu, na ɗauki dutse ina dukan kwaɗon ɗakin ajiya. Kafin kwaɗon ya karye, rai ya yi halinsa.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan takarda. Mahaifinsa ya dafa kafaɗata, ni da na yi sanadin, ya ce, "Likita, kada ka sa wa ranka damuwa. Ka yi iya ƙoƙarinka, kwanansa ne ya ƙare." Bayan sadakar bakwai ya aiko mini da ƙwan zabi. Ba wanda ya kai ƙara, ba wanda ya tambaye ni ko da kalma ɗaya. Ni kuma da na buɗe littafin asibiti a daren, sai na rubuta cewa an kawo shi cikin mawuyacin hali. Ƙarya na rubuta. Sama da shekara arba'in ke nan, har yau in na ga ƙwan zabi a faranti sai gabana ya faɗi.

To, cikin irin waɗannan mutane za ka yi aiki. A Amurka likita yana biyan kuɗin inshora masu yawa duk shekara saboda ya san kuskure ɗaya zai iya kai shi gaban alƙali. A nan kuwa za ka yi wa mutum ɓarna ya ce, "Mun bar wa Allah," ya biya ka ragowar kuɗinka, ya kuma kawo maka matarsa awo a watan gaba. Dokokin suna nan a rubuce, hukumomi suna nan da ofisoshinsu, amma wanda zai tashe su daga barci, wato wanda aka cuta, ya riga ya yafe tun kafin a ɗauki gawa. Wannan haƙuri kyakkyawan hali ne a wurin mai shi. A wurinmu ma'aikatan lafiya kuwa ya zama matashin da muke kwanciya a kai, kuma na ga mutanen kirki da yawa sun lalace a kansa sannu a hankali, ba tare da sun taɓa niyyar cutar da kowa ba.

Na yi imani da ƙaddara kamar yadda ka yi. Kwanan mutumin nan ya ƙare, haka ne. Amma addinin da ya koya mana wannan bai taɓa wanke mai sakaci ba. Akwai hadisi a littafin Abu Dawuda da ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin abin ba, kuma malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan diyyar da ke hawa kan mai magani da mai kaciya in sun wuce iyaka. A Bagadaza, a shekarar 931, da wani mara lafiya ya mutu saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya umarci Sinan ɗan Sabit ya yi wa masu magani na birnin jarrabawa, wanda bai ci ba a hana shi taɓa mutane. Sama da 800 aka gwada. Don haka in ka ji wani yana cewa lasisi da rajista ƙaƙale ne na Turawa, ka san bai karanta tarihin gidansa ba.

Bari in fara da takardun da ke bango, tunda su ne masu sauƙi. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana sabunta maka lasisi duk shekara, ka sani. Ma'aikatan jinya da unguwarzoma suna da tasu hukumar, masu gwajin jini da fitsari suna da tasu, masu harhaɗa magunguna suna da tasu, haka ma'aikatan lafiya na matakin farko. Shi kansa ginin sai hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu ta jihar Kano, PHIMA, ta duba ta yi masa rajista, in kuma ka sayi na'urar ɗaukar hoton ƙashi akwai izinin hukumar kula da tururin nukiliya. Duk wannan kuɗi ne da zirga-zirga, ban musa ba. Amma ka dubi abin daga gadon mara lafiya. Tsohuwar da aka kawo daga ƙauye a bayan a-kori-kura ba ta da hanyar sanin ko mai farin kayan da ya tsaya a kanta ya yi shekara shida a jami'a ko wata shida a shagon kemis. Duka Likita ne a wurinta. Takardar nan ita ce kaɗai idon da take da shi.

Saboda haka duk wanda za ka ɗauka aiki, ka ga lasisinsa na asali, ka kuma tuntuɓi hukumar da ta ba shi. Za a kawo maka 'yar wane da ƙanen wane, a ce ai hannunta ya faɗa da allura, ta yi shekara biyar a asibitin wani. Ka ba ta aikin da ba na allura ba, ko ka taimaka mata ta shiga makarantar jinya. Ranar da ta soki jijiyar ɗuwawun yaro ƙafa ta shanye, sunanka ne a allo, kai doka za ta nema. Kuma kada ka taɓa ba da hayar takardarka. Na san likitoci da masu harhaɗa magunguna da suka rataye shaidarsu a wurin da ba sa leƙawa sai ƙarshen wata in za su karɓi ambulan. Duk abin da aka yi a ƙarƙashin wannan takarda, da hannunsu aka yi.

Sai iyaka. In an yi maka rajista a matsayin wurin duba marasa lafiya da karɓar haihuwa, kada ka mayar da ɗakin baya ya zama ɗakin tiyata don kawai ka taɓa yin aikin a asibitin koyarwa. A can akwai mai ba da maganin barci, akwai ma'ajiyar jini, akwai iskar numfashi, akwai babba a kusa in abu ya kwaɓe. Mafi yawan matan da na ga an kawo mana babban asibiti a galabaice, ba rashin iya aiki ya kashe su ba, jinkirin turowa ne. An riƙe mace tana naƙuda kwana biyu, ana ƙarin ruwa ana cewa saura kaɗan, domin mai asibiti yana jin nauyin a ce ya kasa, ko yana hangen kuɗin da zai fita ƙofa tare da ita. Wanda ya tura da wuri, da wasiƙa mai bayanin abin da ya gani da abin da ya bayar, shi manyan likitoci ke girmamawa, ko da unguwa ta yi ta gunaguni.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato yardar mara lafiya. Kai kana yaro a 1996, lokacin da sanƙarau ya yi mana kisan da ba mu taɓa ganin irinsa ba. A cikin wannan annoba kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana a nan Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, wajen rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba da shi. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su kuma an yi wa iyaye bayani da baki, iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi a kan 'ya'yansu. Aka yi ta shari'a a nan da Amurka, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuɗin ba su ne abin lura ba. A 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano kusan shekara guda, duk wanda ya shiga unguwa yana roƙon iyaye su fito da yara ya ji ana ambaton abin da ya faru a Asibitin Zana. Cutar shan inna ta sake bazuwa har ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka gurgunce a wannan tsakani ba su san Trovan ba, amma sun biya bashin yardar da aka zubar.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta maka ka gaya wa mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace, da kuma cewa yana da ikon ƙi, kuma ka faɗa masa cikin harshen da yake ji. Ka lura da wannan na ƙarshe. Takardar Turanci da aka tura wa manomi aka ce dangwala nan, ya dangwala yana rawar jiki, ba yarda ba ce, ko da za ta yi maka amfani a kotu. Ka zauna, ka ce, "Baba, za mu buɗe nan, ga abin da muke nema, ga abin da ka iya faruwa," ka bar shi ya yi tambaya, sa'annan ka rubuta abin da kuka yi da wanda ya shaida.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2001, a shari'ar wani likita mai suna Okonkwo da kotun ladabtar da likitoci, cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Mara lafiyar a wannan shari'a mace ce da ta ƙi ƙarin jini saboda aƙidarta. Ka juya hukuncin ta ɗaya fuskar, za ka ga abin da ya shafe mu a nan Arewa. In mace baliga tana da ikon ƙi, tana da ikon yarda. Sau nawa na tsaya a kan mai naƙuda, mahaifa na shirin fashewa, ita tana cewa a yi mata aiki, amma kowa ya harɗe hannu ana jiran maigida ya dawo daga Legas ko a samo shi a waya? Ka nemi mijin, ka girmama shi, ka yi masa bayani in yana kusa, domin zaman gidansu zai ci gaba bayan ta bar wurinka. Amma in lokaci ya ƙure, sa hannunta ya isa a wurin doka. Tun ranar da ta fara zuwa awo ya kamata ka kira su tare a yi wannan magana, kafin ranar tashin hankali. Yaro kuma hukuncinsa daban: a 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ana iya neman umarnin kotu a ceci ran yaro ko da iyaye sun ƙi.

Rubutu kuwa, na riga na gaya maka abin da na yi da littafina a daren nan. Doka ta wajabta wa kowane asibiti ya ajiye bayanin kowane mara lafiya, ya kuma tsare shi daga ɓata da sauyi. Ka rubuta lokaci, da awon jini da zafin jiki, da maganin da aka bayar da yawansa da wanda ya bayar, a lokacin da abin ya faru. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai ka sa hannu, kada ka goge, kada ka yage shafi. Na taɓa ganin an kira wata abokiyar aikina gaban kwamitin bincike, dangin mamaci suna rantsuwa ba wanda ya leƙa ɗan'uwansu duk dare. Aka buɗe fayil, ga rubutunta duk bayan awa, ga lokacin da ta kira likita har sau uku. Ta fita da mutuncinta. Na kuma ga wanda ya zauna bayan mutuwa ya cike fayil da biro ɗaya a zama ɗaya, masu bincike suka gane tun a shafin farko, laifin da bai kai na kora ba ya koma na jabu.

Wannan fayil sirri ne. Garin nan da girmansa ƙarami ne, mai ba da kati a wurinka ƙila maƙwabciyar kishiyar wadda ta zo gwaji ce. Na san auren da ya mutu saboda wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya saki magana a majalisa bayan sallar isha'i, daga baya aka sake gwajin aka ga na farkon kuskure ne. Dokar 2014 ta hana fitar da bayanin mara lafiya sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari, sannan ga dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta zo ta ƙara ɗaurewa. Ka gaya wa ma'aikatanka tun ranar farko cewa duk wanda ya ɗauki hoton mara lafiya ya sa a WhatsApp ko TikTok, ko da da sunan neman taimako ne, ba tare da izininsa ba, ya bar aiki. Tun da Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, na ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jinin sikila da sauransu, za ka ga wani sabon nau'in roƙo: wani babba ya kira ka gefe ya ce a rubuta wa yaron nan takarda, ai an riga an sa rana. Ka tuna akwai yarinya a ɗaya gidan da ba ta san ana wannan magana ba, da jariran da za a haifa suna kwana kuka da ciwon ƙashi.

Abin da sirri bai rufe ba shi ne cuta mai yaɗuwa. Amai da gudawa, zazzaɓin Lasa, sanƙarau, ƙyanda, mashaƙo irin wanda ya addabi Kano a 2023: da ka yi zargi, ka sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko da kana tsoron a ce asibitinka ne ya kwantar da mai annoba. A 2014 Dakta Stella Adadevoh, a wani asibiti mai zaman kansa a Legas, ta ƙi sallamar mutumin da ya shigo da Ebola daga Laberiya duk da matsin da aka yi mata. Ita ta rasa ranta, amma cutar ta tsaya a mutum 20 a ƙasa mai mutane sama da miliyan 170.

Magani. A nan ne riba take, a nan ne kuma Shaiɗan ya fi zama. Wani zai shigo da jaka ya ba ka kwalin allura a rabin kuɗi, ba rasit, ba adireshi. Ka tuna My Pikin, maganin haƙoran jarirai da aka haɗa da gurɓataccen sinadari a 2008, ya lalata ƙodar yara, aƙalla 84 suka mutu, ciki har da waɗanda aka kwantar a Zariya. Wannan ma kamfani ne da aka san inda yake, shi ya sa aka iya kama ma'aikatansa biyu kotu ta ɗaure su shekara bakwai a 2013. Na mai jaka fa, wa za ka kama? Ka saya a wurin dillali mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka ajiye rasit. Tayar da masu sarin magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024 ya jawo ce-ce-ku-ce, kuma na tausaya wa waɗanda suka yi asara, amma duk wanda ya taɓa ganin kwalayen allura jibge a ƙarƙashin kwano a zafin Afrilu ya san dalili. Oksitosin da kake dogara da ita in mace ta ɓalle da jini bayan haihuwa, zafi yana kashe ƙarfinta. Kwalba tana nan da kyanta, ruwan ciki ya zama banza. In ba za ka iya riƙe firij da sola ko janareta ba, kada ka buɗe ɗakin haihuwa.

Magungunan da ke bugarwa, su fetidin da mofin da taramol da fenta, ka kulle su a akwati, makulli a hannun mutum ɗaya, da littafin da ake rubuta kowace kwalba da sunan wanda aka yi wa. Ka ƙirga da kanka duk mako. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 bayan binciken BBC ya nuna yadda yake fita daga hannun masu lasisi zuwa hannun matasa da matan aure. Kuma ka sa ido a kan naka mutanen. Na binne abokin aiki, ƙwararren nas, wanda ya fara da allura ɗaya don ciwon baya a aikin dare. Duk mun ga alamu, duk muka yi shiru don kunya.

Akwai dare da zai zo, ƙarfe biyu, a buga maka ƙofa da mutum jina-jina, hatsari ko sara ko harbi, ba kuɗi, ba ɗan'uwa. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana kowane ma'aikacin lafiya da kowane asibiti ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wata dokar ta 2017 ta ce wanda aka harba a karɓe shi a fara magani ko babu takardar 'yan sanda, sannan a sanar da ofishinsu mafi kusa cikin awa biyu. Duk da haka har gobe ana mayar da mutane daga ƙofa, wasu don tsoron zirga-zirgar caji ofis, wasu don wa zai biya. Tsoron ba na banza ba ne, na san likitocin da suka sha wahala a kan haka, kuma kada ka zauna jiran wani ya mayar maka da kuɗin auduga da ruwan da ka kashe. Ka ware wani ɗan kaso na cinikin kowane wata don irin wannan dare, ka je ka gabatar da kanka ga babban jami'in 'yan sandan yankinka tun yanzu da rana tsaka, ka manna kwafin dokar a ɗakin karɓar marasa lafiya don mai gadi da nas ɗin dare su san ba su da ikon cewa a tafi. Ba a ce ka warkar da shi ba. Ka tsayar da jini, ka sa ruwa, ka buɗe hanyar numfashi, ka tura shi gaba da rai.

Masu duba asibiti za su zo, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce duk na Allah ne ba. Bayan na yi ritaya na ɗan riƙe wa wani asibiti mai zaman kansa sashen jinya, wani jami'i ya zo ya zagaya, ya sami ƙananan kurakurai, ya zauna yana ta maganar tsadar mai. Mai asibitin ya ba shi na goro. Daga ranar ya mayar da mu gonarsa, duk bayan 'yan watanni sai ya dawo, kurakuran kuma suna nan yadda suke, domin an riga an san farashinsu. Wata shekara aka turo wata mata da ba ta karɓi ko ruwa ba, ta buɗe firij ta fito da kwalaben da suka wuce lokaci da wata huɗu, ta sa muka gyara wurin ƙona allurai da muke zubarwa a bayan katanga inda almajirai ke tsince-tsince. Mun ji haushinta a ranar. Ita ce kaɗai a cikinsu da ta amfane mu. Duk kuɗin da za ka biya hukuma ka biya ta banki ka karɓi rasit, in an rubuta maka gyara ka gyara, in an zalunce ka ka rubuta koke ta hannun ƙungiyar likitoci. Haka in ka shiga tsarin inshorar lafiya, na ƙasa ko na jiha: kada a rubuta gwajin da ba a yi ba, kada a karɓi kuɗi a hannun wanda tsarin ya riga ya biya wa.

In kuma duk da haka kuskure ya faru, kuma zai faru, domin ba mai aikin nan shekara goma hannunsa bai taɓa zamewa ba, ka kira dangi ka gaya musu gaskiya. Ka rubuta yadda abin ya kasance, ka tara ma'aikatanka a gano inda igiyar ta tsinke, a gyara. Za su iya kai ka gaban hukumar likitoci, haƙƙinsu ne, kada ka tura dattawan unguwa su danne su da "a yi haƙuri". In sun yafe, to sun yafe abin da suka sani. Dattijon nan nawa bai yafe mini komai ba, domin bai san akwai abin yafewa ba. Da na yi ƙarfin halin komawa ƙauyen bayan shekaru, na tarar ya rasu, matar ɗan ta yi aure a wani gari, ban sami wanda zan faɗa wa ba.

Ka ce ranar Litinin za ku buɗe. Ranar Asabar da hantsi ka turo yaro ya ɗauke ni. Ba sai ka nuna mini fenti da kujeru ba. Ka jera mini lasisin kowane ma'aikaci, ka buɗe mini firij, ka nuna mini littafin akwatin da ake kullewa, sa'annan ka kai ni ɗakin allura in ga adirenalin da idona a kan faranti, inda hannu zai kai gare ta ba tare da an nemi makulli ba.